Mai Fara Waƙa

Litinin, da hantsi

Kai mai leƙen littafin mutane, ko wane ne kai (ina zargin Takwara, jikata, don ita kaɗai ke ɗaga katifata), tunda ka buɗe, zauna ka ci wannan. Ba shi da huhu, ba shi da harshe, amma shi ke fara waƙa kafin mawaƙa. In ka ciyar da shi ya yi shiru, in ka bar shi da yunwa ya rera. Mene ne?

Kada ka dube ni, ni ma ban sani ba. Tsohona, wato mijina, shi ne ya ɗaura mini shi tun 'yata ta fari tana goye. Na ce zakara, ya ce zakara yana da harshe. Na ce iska. Na ce cikinsa, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce na yi ƙoƙari amma ba shi ba ne. Na ba shi gari, na ƙara masa, har garuruwan da na sani suka ƙare. Ya cinye su tas, amsa kuwa kullum sai gobe.

To ga shi can kwance a ɗakin tsakiya, tun ranar nan da ya yanke jiki ya faɗi ko "ruwa" bai ce ba. Likita ya ce a yi ta yi masa hira. Wai ni ake koya wa hira. Na yi har yawu ya kafe. Yana ji, idonsa ya nuna. Bakin ne ya ƙi.

Wannan littafin 'yata ce ta sayo don a riƙa rubuta lokacin magani. Na bar wa magani shafukan baya.

Laraba, bayan la'asar

Yau na je zauren wasa, karo na farko tun ranar nan. Malama ce ta aiko, wai hutun ƙarshen shekara ya matso, an fara gwaji, babu mai jan labule. Ita ce shugabarmu tun da ta bar koyarwa. Har yau in ta kira ka sai ka ji kamar za a duba maka farce.

Zauren da can sito ne na buhuna. Kujerun ciki kowane gida ne ya kawo tasa, babu biyu masu kama da juna. Labulen ni na ɗinka shi. Ja ne a lokacin, yanzu ya koma kalar shayi. Wasanmu guda ɗaya ne, shi muke maimaitawa duk shekara: matafiya sun maƙale a tasha, kowa na son isa gida hutu, jirgi ya ƙi zuwa, sai su hau waƙa. Tsoho ne ya tsara shi yana saurayi. 'Yan unguwa sun haddace shi har suna gyara wa 'yan wasa daga kujera, amma duk shekara sai an rasa wurin zama.

Waƙar farko babu kiɗa. Ni in ja igiya, labule ya buɗe, Tsoho yana gefena a lungu inda ba a ganinsa, ya rufe baki ya ja murya ta hanci, mmm, kowa ya ɗauka daga nan. Yau babu mmm. Mai kemis ta faro daga saman rufi, mahauci ya faro daga ƙarƙashin kujera, Takwara da aka ba matar mai tasha bana ta tsaya a tsakiya tana neman wanda za ta bi. Kamar an taka wutsiyar kyanwoyin unguwa gaba ɗaya.

Na ce wa Malama ko ni in ba su muryar. Duk zauren suka ce a'a. Nan ne kawai muryarsu ta haɗu yau.

Alhamis, da safe

Ya sha rabin kofin shayi. Na kwaikwayi masa mai kemis. Gefen bakinsa ɗaya ya motsa. Na ɗauke shi dariya.

Asabar, da rana

Ina goge masa hannun nan na dama, wanda ke kwance inda aka ajiye shi, sai na tuna yadda igiyar ta zo hannuna. Ina budurwa na je neman shiga cikin mawaƙa. Ya ce in yi baiti ɗaya. Na yi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ƙanwata, kina da ƙarfi a hannu?" Na yi fushi mako guda. Daga baya na lura ashe mai igiya da mai ba da murya wuri ɗaya suke tsayawa, lungun kuma ba ya ɗaukar mutum biyu sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Da na faɗa masa bayan aure, ya ce shi bai taɓa lura ba. Maƙaryaci.

A lungun nan na yi cikin 'ya'yana duka. A nan muka yi faɗa da raɗa, muka shirya da raɗa. Shekarar da na ƙi yi masa magana saboda ya sayar da kekena na ɗinki bai shawarce ni ba, haka na ja labule ina kallon bango, shi ya yi mmm ɗinsa yana kallon ƙeyata.

Na ba shi wannan labarin duka yau. Ya yi barci a tsakiya.

Litinin, da yamma

Surukina bakanike ne, mutumin kirki, amma ba ya iya jin abu yana ƙara bai taɓa shi ba. Tun ranar nan ba ya iya zama a ɗakin tsakiya. Sai ya gaisar daga bakin ƙofa, ya fita ya nemi abin gyara. Ya gyara famfo, ya gyara ƙyaure, ya gyara rediyon da bai lalace ba. Da gidan ya ƙare masa sai ya faɗa zauren wasa.

Yau na kama igiya na ja da ƙarfin da na saba, saura kaɗan in zauna a ƙasa. Labule ya zuge kamar ruwa, ko ƙis. Ashe ya hau tsani ya cika 'yar tayar ƙarfen da igiya ke bi ta kanta da giris. Da can in na ja sai ta yi wani dogon kuka, har na kujerar baya suna toshe kunne. Tsoho bai taɓa yarda a taɓa ta ba. Yakan ce a ƙyale ta, tsohuwa ce mai mita irin matarsa.

Kowa ya yaba. Malama ta ce yanzu muka zama mutane. Ni ma na sa albarka, ta bakin 'yata, don ba na haɗa ido da mijinta.

Waƙar dai tana nan yadda take.

Laraba, da safe

Na ce a kai shi wurin gwaji. 'Yata ta ce, "Mama, a bar shi da mutuncinsa." Na ce mutuncinsa a lungun nan ya bar shi, can za mu je mu ɗauko. In ya shaƙi ƙurar zauren, ya ga labulensa ya buɗe, wa ya sani? Ta ce ni ce ban sani ba. Ta gaji wannan bakin a wurina, ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Ta yarda. Gobe, a kujerar nan mai taya. Na fito masa da hularsa ta mai tasha, ta lokacin da yake fitowa a wasan, na kaɗe.

Alhamis, da magariba

An je. An dawo.

Juma'a, da hantsi

Na wanke hankici uku da aka jiƙa jiya a zauren, na shanya.

Mahauci mutum ne. Shi ya fara juya fuska bango don kada Tsoho ya ji kunya, sai sauran suka bi shi. Na ja labulen sau biyu, na ce ko bai gani ba ne. Ya gani, muryar ce ba ta fito ba.

'Yata ta kawo magani ta ajiye, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida mai gidan haya.

Lahadi, da rana

Ban je ko'ina ba. Ya ƙi shayi. Na ce ni ma na ƙi, mu ga wanda zai fara saukowa. Ni ce.

Talata, da yamma

An samu mafita, in ji su. Takwara ta tono bidiyon wasan bara a wayar mai kemis, ta yanko daidai wurin da Tsoho ya yi mmm, ta tura wa Malama. Yanzu Malama ce ke tsayawa a lungu kusa da ni, tana ƙamshin man zafi. In na ja labule sai ta danna. Muryarsa ta fito daga waya, kowa ya ɗauka, waƙa ta tafi sumul. Har tafi suka yi wa kansu.

Na ce ina jin zafi, na fita na tsaya wurin tukunyar fulawa.

Mutumin yana gida, yana numfashi, ɗazu na yanke masa farce. Waya kuma ta me?

Laraba, da safe

Ciwo daga gwiwa har ƙugu yau. Tsufa ba ya sallama.

Alhamis, bayan azahar

Takwara ta zo ta baje a gadona tana cin gyaɗata. Na ce ta kunna mini bidiyon, ba yankakken ba, duka. Ta ce, "Kaka, za ki yi kuka." Na ce kukan da ban yi ba ranar da aka sa miki sunana aka ɓata shi?

Ta kunna. Ga labule a rufe, ga hayaniyar mutane, ga wani yana tari. Sai kukan 'yar taya, dogo. Sai mmm.

Na ce ta mayar. Ta mayar. Na ce ta ƙara.

Ni dai an ce ba ni da murya, amma ba wanda ya taɓa cewa ba ni da kunne. Na ce, "Ke, saurara. Inda ƙarfen nan ya ajiye, ba nan kakanki ya ɗauka ba?" Ta daina tauna. Ta bi kukan da bakinta, ta bi mmm ɗin da bakinta. Ta ce, "Ɗaya ne, Kaka." Na ce me ya sa kika yanke na farkon? Ta ce ai ƙara ce kawai.

Na leƙa ɗakin tsakiya. Yana kallon rufi kamar wanda bai taɓa ɓoye wa kowa komai ba. Na riƙe amsar a cikina. Shi ma ya ɗanɗana jira.

Juma'a, da yamma

Yaya mace za ta ce wa mijin 'yarta ya ɓata aikin da ya gyara? Na bi ta wurin 'yata. Ta taɓa goshina ta ce ko in kwanta. Sai na sa Takwara ta kira ubanta zauren bayan an watse.

Ya zo ya durƙusa daga nesa yana kallon takalminsa. Ni na juya ina gyara bakin labule, da labulen nake magana.

Na ce, "Wannan labule da yana da kuka."

Ya ce wa takalminsa, "An gyara, Mama."

Na ce, "An kyauta. Allah ya yi albarka. Da za a mayar masa da kukansa, da an ƙara kyautawa."

Ya ce, "Mama, a mayar da ƙarar?"

Na ce wa labule, "Yadda take."

Ya ce, "Tunda na fara aiki ba a taɓa kawo mini abu a ce in lalata ba."

Na ce, "Ai shi ya sa aka nemi gwani."

Takwara ta kunna masa bidiyon. Ya saurara kansa a sunkuye, ya daɗe, sannan ya share fuska da hannun riga ya ce ƙura ta yi yawa a zauren nan. Ya tafi ɗauko tsani.

Asabar, da hantsi

Ya wanke 'yar tayar da kananzir. Shiru. Ya wanke da fetur, ya bi da sabulu. Ta yi ɗan tsuwa irin na ɓera ta koma shiru. Ya ce giris ɗinsa mai kyau ne, ba ya fita da wuri, kuma na ji alfahari a muryarsa duk da halin da ake ciki. Ya kwance ta ya tafi da ita, wai zai jiƙa ta a ruwan gishiri ya bar ta a rana. Tsatsar da ta yi shekaru tana taruwa yake so ya haɗa kafin Asabar mai zuwa.

Malama ta tarar da labule ba ya buɗuwa. Na ce mata an kai tayar asibiti.

Litinin, da rana

Na ce wa 'yata a sake kai shi ranar wasa. Ta ajiye tsintsiya.

"Mama, bai ishe ki ba? A gaban 'yan gwaji ma ya ya ƙare, balle gari guda?"

Na ce babu mai ganinsa a lungu.

"Ni zan gan shi."

Na zauna ina tsince zaren zani. Can na ce mata tun ranar nan kowa ya ji muryarsa a waya ya gamsu, ni ce kawai ban gamsu ba. Na ce ba magana nake nema ba, na haƙura da magana. Na ce sau ɗaya.

Ta ce, "In bai yi ba fa?"

Na ce to sai ki riƙa gaishe ni kamar mai gidan haya har in mutu.

Ta ɗauki tsintsiyarta. Da ta kai bakin ƙofa ta ce a sa masa rigar sanyi, lungun nan akwai iska.

Laraba, da yamma

An mayar da 'yar tayar. Na ja. Ta yi kuka. Amma ba kukanta na da ba ne, ya yi ƙasa, ya yi kauri, kamar ta yi mura. Surukina ya dubi takalminsa ya ce iyakar abin da ƙarfe ya yarda ke nan.

Mai kemis ta ce wa ya dawo mana da wannan masifar? Na ce ikon Allah.

Juma'a, da safe

Na guge hular. Na guge ta jiya ma.

Asabar, da magariba

Bari in rubuta tun abin yana da zafi, don in ya huce zan fara ƙari a labarin.

Zaure ya cika tun kafin la'asar, har da masu zama a taga. Aka shigo da shi ta ƙofar baya, aka tura kujerar cikin lungu. Lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu yau ya ɗauki uku: ni, shi, da Malama da wayarta. 'Yata ta tsaya a baya ta harɗe hannu.

Na san Malama. Labule bai gama buɗuwa za ta danna, ba za ta bar masa ko numfashi ɗaya ba. Sai na ce mata ɗankwalin Takwara ya karkace, dubi, abin kunya a gaban mutane. Malama ba ta iya ganin abu a karkace. Ta ce, "Riƙe mini," ta miƙo wayar ta nufi dandamali. Na riƙe mata. Na riƙe ta sosai, a cikin zani, can ƙasa inda ko 'yan sanda sai sun nemi izini.

Ta dawo ta miƙo hannu. Na kama igiya da hannu biyu na ja.

'Yar taya ta yi kukanta mai mura. Labule ya buɗe. Matafiya suna tsaye da akwatunansu, baki a shirye. Shiru. Malama tana raɗa, "Wayar, wayar," tana lalube ni kamar mai neman ƙuma. Wani yaro ya yi dariya a gaba. Takwara ta waigo lungu. Na ji 'yata ta matso a bayana. Ban dube shi ba, na kasa. Kafaɗata dai tana jikin tasa.

A kafaɗar na fara ji, kafin kunne. Wata 'yar rawa. Sannan ta fito, siririya, a karkace, tana jan ƙafa: mmm. Daidai inda ƙarfen ya ajiye, can ƙasa.

Mahauci ne ya cafke, don a unguwarsu ta masu kaurin murya aka sauke ta. Sauran suka bi. Ba a taɓa yin waƙar tasha da kauri haka ba, kamar duk matafiyan sun kwana a sanyi. Mai kemis ta yi ta laluben saman rufinta ba ta same shi ba. 'Yan kallo suka shiga, yadda suka saba.

Sai a lokacin na dube shi. Harara ce a idonsa, ta mutumin da aka taɓa masa kaya ba da izini ba. Ya ɗaga ido sama wurin tayar, ya dawo da shi kaina. Na ce ba ni ba ce, surukinka ne.

'Yata ta durƙusa tana gyara masa rigar sanyi da ba ta buɗe ba. Ta daɗe tana gyarawa.

Malama ta ce za mu yi magana. Na ba ta wayarta da ɗumi.

Lahadi, da hantsi

Bai ƙara cewa komai ba, kuma ban sa rai ba. Ya sha shayinsa duka. Takwara ta zo tana mitar an sa ta waƙa da muryar maza, na ce ta je ta kai ƙarar kakanta, ga shi nan.

Da ta fita na ja kujera gaban gadonsa. Na ce, "Malam, a dawo mini da garuruwana." Ya rufe ido kamar mai barci, gefen bakin nan yana motsi. Na ce rufe da kyau, kunne dai ba ya rufuwa. Na faɗa masa, yanzu kuma na faɗa maka, mai leƙe.

'Yar tayar labule ce.